Ita Karuwa, Shi Kuma Wa?

 

A zaman karatun da ƙungiyarmu ta yi a watan jiya, wani ɗan uwa ya karanto mana babi biyu na labarin da yake rubutawa. Labarin yana da daɗi, kuma da ji ka san hannunsa ya fara faɗawa. A babi na farko akwai wata mata da aurenta ya mutu, ta kama ɗaki a wata unguwa tana sayar da abinci. Kafin a kai ƙarshen shafi na biyu, mai ba da labari ya kira ta karuwa har sau uku, alhali ba a nuna mana ta yi komai ba banda dafa shinkafa da wake da yin raha da masu saye. A babi na biyu kuma akwai wani darakta da ba ya sa hannu a takardar biyan ɗan kwangila sai an bi shi gida da ambulan. Shi wannan, cewa aka yi "an kai wa Alhaji ɗan abin goro". Can gaba ma aka ce mutum ne mai alheri, saboda yana raba buhunan shinkafa da azumi.

Da ya gama, wata 'yar uwa ta tambaye shi: "Malam, ita mun ji sunan da ka ba ta tun kafin mu ga laifinta. Shi da muka ga laifinsa da idonmu, ina nasa sunan?" Ya yi shiru, sannan ya ce wallahi bai lura ba, haka kalmomin suka zo masa.

Mun yarda da shi, domin mu ma haka suke zo mana. Abin da ya sa muka ɗauko batun a wannan mako ke nan. Kalmomin da Hausa take da su na karuwanci masu kaifi ne, kuma kusan dukkansu kan mace suke sauka. Kalmomin da muke yawan amfani da su wajen cin hanci kuwa masu taushi ne, da yawansu ma aro aka yi daga sunayen kyauta da girmamawa. Marubucin da bai tsaya ya auna ba zai yi ta hukunta mai rauni yana shafa wa mai ƙarfi mai, yana kuma ganin kamar Hausa kawai yake rubutawa.

Mu fara da ɓangaren mata

Kama da wane ba ta wane. Kalmomin nan da muke zubawa wuri ɗaya kamar duk abu guda suke nufi, kowace da gurbinta.

Karuwa ita ce wadda ta mayar da ba da kanta sana'a, ana biyanta. Wannan ita ce ma'anar, kuma tana da nauyi ƙwarai. Bazawara kuwa matar da ta taɓa aure, auren ya ƙare ta hanyar saki ko rasuwar miji. Babu laifi ko ƙwaya ɗaya a cikin wannan kalma. Uwayenmu da yayyenmu da yawa sun yi zawarci, sun sake aure ko ba su sake ba, mutuncinsu na nan daram. Amma mu duba littattafanmu mu gani: sau nawa bazawara take fitowa a labari ba tare da an jingina mata kwaɗayin mijin wata ba?

Dadiro ita ce wadda wani namiji ɗaya ya ajiye suna zaman da babu aure. Farka abokin lalata ne na ɓoye, kuma kalmar tana hawa kan mace, tana hawa kan namiji. Kwarto shi ne namijin da ke bin matar aure ta bayan idon mijinta. Kawali shi ne mai haɗawa yana karɓar nasa kason. Ƙwarƙwara ko sa-ɗaka kuwa wani babi ne daban, na zamanin bauta da gidajen sarauta, wanda yake da nasa hukunce-hukuncen a fiƙihu. Duk wanda ke rubuta labarin tarihi ya kira ƙwarƙwarar sarki dadiro ko karuwa, ya nuna bai san zamanin da yake rubutu a kai ba.

Haka nan magajiya. A tarihin da Daura take bayarwa, sarauniyoyin da suka yi mulki kafin zuwan Bayajidda da wannan suna ake kiransu, kuma har yau sarauta ce ta mata a masarautu da dama. Kalmar ce kuma aka ɗora wa shugabar gidan karuwai, har ake cewa gidan magajiya. Idan za mu sa ta a labari, sai mu tabbata mai karatu ya san wace magajiyar muke nufi.

Akwai kalmomi biyu da suka shigo tare da Turawa, kuma labarinsu ya isa ya sa mu tunani. Bariki daga sunan mazaunin sojoji ta fito a Turanci. Da tafiya ta yi tafiya sai ta koma nufin duk inda aka saki al'adar gida aka kama rayuwar zamani, har muka samu 'yar bariki da barikanci da yawon bariki. Kilaki kuma, masana harshe suna mayar da ita ga kalmar Turanci ta ma'aikacin ofis mai riƙe da takardu. Mu dubi ikon Allah: kalmar da ta fito daga ofis ta bar mai ofishin, ta je ta zauna kan macen da yake kashe wa albashinsa. Shi ya tsira da akawu ko malam, ita ta gaji kilaki.

Sai wadda ta fi dukkansu jawo ruɗani, wato mace mai zaman kanta. Gidajen rediyo da ma'aikatan lafiya suna amfani da ita don kauce wa kaifin kalmar karuwa, kuma niyyarsu mai kyau ce. Matsalar ita ce, a zahirin lafazi, ma'aikaciyar jinyar da aka tura aiki wani gari ta kama haya ita ma zaman kanta take yi. Haka malamar makarantar da mijinta ya rasu take riƙe da marayunta. Sakayar da aka yi don a rufa wa wasu asiri sai ta zama inuwar da ta rufe wasu da ba su ji ba ba su gani ba. Idan muka rubuta ta, mu san cewa wuƙa ce mai baki biyu.

To ina namijin? Wanda yake zuwa da kuɗinsa, wanda in babu shi babu kasuwar, wane suna muke da shi nasa? Muna da mazinaci da fasiƙi, amma waɗannan sun fi zama a bakin masu wa'azi. A hirar yau da kullum cewa muke manemin mata ne, wani lokaci har da murmushi, kamar ana maganar mai son ƙwallo. Ɗan da aka haifa ma an ba shi suna mai ɗaci da zai bi shi har kabari, shi da bai san hawa ba bai san sauka ba. Uban nasa kuwa yana sahun gaba a ɗaurin auren unguwa.

Adabinmu ya daɗe a kan wannan turba. Mu'azu Haɗeja yana da waƙa sukutum a kan karuwa. Wasan Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi labarin mai dukiya ne da ya auri karuwa, ta zama sanadin tsiyacewarsa. Waɗannan ayyuka ne na magabata da muke girmamawa, kuma sun yi wa zamaninsu magana. Amma a cikin adabin dai aka samu Umaru Ɗanjuma Katsina ya juya fitilar ta haska ɗaya ɓangaren a Kulɓa Na Ɓarna, inda ya nuna mai kuɗin da ke lalata 'yan mata. Karin maganar da ya ɗauko sunan daga ciki ita ce kan batunmu baki ɗaya: kulɓa na ɓarna, ana cewa jaba ce.

Kalmar nan ta taɓa zama makamin siyasa ma. A shekarun 1950, lokacin NEPU da NPC, macen da ta fito fili ta shiga siyasa takan sha jifa da sunan karuwa daga abokan hamayya. Hajiya Gambo Sawaba ta sha duka da ɗauri a wannan fage. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa baki ɗaya ba sai a 1979. Duk lokacin da muka jefi mace da wannan kalma don kawai ta fito ta yi magana, ko don tana fim, ko tana kasuwanci tsakanin maza, tsohon makami muka ɗauko, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Yanzu ɓangaren masu kujera

A nan ma kalmomin suna da yawa, kuma kowace da aikinta.

Cin hanci da rashawa su ne muka fi ji, kusan kullum a haɗe. Rashawa daga Larabci ta zo. Abin da ya bambanta su da sauran shi ne dole sai da hannu biyu, mai bayarwa da mai karɓa, kuma ana bayarwa ne don a karkatar da hukunci ko a sayi abin da bai kamata ya zama na sayarwa ba. Toshiyar baki reshe ne a ciki: wanda ya ga abu ko ya san abu ake ba wa don ya yi gum. Sama da faɗi, ko wawure, ko rub-da-ciki, ba sa bukatar mutum na biyu, amanar da aka damƙa wa mutum ce ya kwashe. Almundahana ta fi karkata ga murɗa-murɗar takardu da lissafi. Handama da babakere halin wanda yake tattare komai ne ya hana kowa. Damfara da zamba su ne a yaudari mutum har ya miƙa dukiyarsa da hannunsa, kuma lambar nan 419 da muke kiran 'yan damfara da ita lambar sashe ce a kundin dokar laifuka ta Najeriya. Algus na kasuwa ne, a gauraya mai kyau da marar kyau. Maguɗi da aringizo sun fi fitowa a zaɓe da jarrabawa da ƙidaya. Almubazzaranci kuwa ɓarnar dukiya ce, ko da ta mutum ce ta kansa.

Wanda ya rubuta cewa ma'aji ya ci hanci, alhali abin da ya faru a labarin shi ne ya kwashe kuɗin asusu shi kaɗai cikin dare, ya yi kuskuren kalma. Mai karatu mai lura zai tambaya: wa ya ba shi?

Waɗannan su ne sunayen gaskiya, kuma duk suna da kaifi. Amma a bakin titi da cikin ofis ba da su ake magana ba. Abin da ake ji shi ne na goro, na shan ruwa, na mai, a ga yara, ɗan ihsani, alheri, gaisuwa, tukwici, la'ada, kamasho, alfarma. Mu duba jerin nan da kyau. Babu kalma ɗaya a ciki da asalinta mummuna ne. Goro shi ake rabawa a ɗaurin aure da suna. Tukwici ɗan aiken da ya kawo kyauta ko albishir ake ba wa, bayan ya kawo, ba da sharaɗi ba. La'ada haƙƙin dillali ce da ya yi wa guminsa. Idan jami'i ya yanki kashi 10 cikin 100 na kuɗin kwangila ya kira shi la'ada, ya zalunci jama'a, ya kuma ɓata sunan dillalan Kurmi da na Kantin Kwari masu cin halaliyarsu.

Wannan sauya suna ba yau aka fara ba, kuma ba yau aka fara tona shi ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a littafinsa Kitabul Farƙi, ya lissafo hanyoyin zaluncin sarakunan zamaninsa. Da Larabci ya yi rubutun, amma da ya zo kan abubuwan da ake karɓa daga talakawa sai ya kira su da sunayensu na Hausa, irin su jangali da kuɗin gari da gaisuwa. A ganinmu akwai darasi babba ga marubuci a nan. Da ya tsaya ga kalmar zalunci kawai, kowane mai mulki zai ce ba da shi ake ba. Da ya ambaci sunan da ake kiran abin da shi a fada da kasuwa, babu wurin ɓuya.

To yaya za mu gane goro daga hanci a labarinmu? Ma'aunin yana cikin hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na mutumin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura karɓar zakka, ya dawo ya ware wani kaso ya ce wannan kyauta aka yi masa. Aka nuna masa cewa da a gidan iyayensa ya zauna, sai ya ga ko kyautar za ta same shi. Ma'aunin ke nan: in ba don kujerar ba, za a kawo? Mu ƙara da na biyu daga hankalin yau da kullum: za a iya miƙawa a gaban jama'a, a faɗi dalilin da ya sa aka bayar? Goron gaskiya a faranti ake kawo shi. Wanda ake turawa ƙarƙashin fayil ko a dunƙule cikin tafin hannu ta tagar mota yana da wani sunan. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ɓarnar da ke cikin ginin jimla

Wani lokacin ba a kalmar matsalar take ba, a yadda muka gina jimlar take. Mu saurari waɗannan: "Yarinyar ta lalace." "Ta yi ciki." "Ta shiga duniya." A duk ukun ita kaɗai ce a fili, kamar ita ta yi wa kanta. Hausa kuwa tana da hanyar faɗin ɗaya rabin: ya lalata ta, ya yi mata ciki, ya yaudare ta ya gudu.

Yanzu mu saurari na kuɗi: "Kuɗin sun yi ɓatan dabo." "An karkatar da kuɗin." "Naira miliyan kaza sun salwanta." A nan kuma babu kowa a fili. Kuɗi ne suka yi ƙafa suka tafi, ko kuma wani "an" da ba shi da fuska ya ɗauke su. A watan Afrilun 2017 hukumar EFCC ta gano tsabar kuɗi sama da dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi ta Legas, aka yi ta maganarsu kwana da kwanaki kamar daga sama suka faɗo. A watan Fabrairun 2018 kuma aka ji labarin naira miliyan 36 na ofishin JAMB da ke Makurdi da aka ce maciji ya haɗiye. Ƙasa ta ɗauka da dariya, aka yi ta zanen maciji da ƙaton ciki. Mun yi dariyar tare da kowa, amma kuɗin fom ɗin ɗalibai ne, na 'ya'yan talakawa irinmu.

Ɗan jarida yana da uzurin amfani da "an" da "ana zargin", domin doka tana kansa, kuma adalci ne kada a kira mutum ɓarawo kafin kotu ta same shi da laifi. Akwai wanda ake zargi, akwai wanda ake tuhuma a gaban alƙali, akwai wanda aka yanke wa hukunci, kuma wajibi ne mu kiyaye waɗannan matakai idan muna rubutu a kan mutanen gaske. Tambayarmu ita ce: me ya sa wannan adalci ba ya kaiwa ga mace? Wa ya taɓa karanta "wadda ake zargi da karuwanci" a rubutunmu na intanet? Hoto ɗaya ya isa, an yanke hukunci, an watsa. Alhali Suratun Nur ta sa bulala 80 a kan wanda ya jefi mace kamila da zina bai kawo shaidu 4 ba. Mun ɗauki taka-tsantsan ɗin da addini ya fi tsanantawa a kai mun jefar, muka riƙe wanda tsoron lauya ya koya mana.

Shi kuwa mai rubuta ƙagaggen labari ba shi da uzurin "an". Shi ya ƙirƙiri daraktan, ya san abin da ke cikin ambulan ɗin. In ya ɓoye, da gangan ya ɓoye, ko kuma da sakaci.

Inda hanyoyin biyu suka haɗu

Hausa da kanta ta gane cewa akwai dangantaka tsakanin abubuwan nan biyu. Shi ya sa ake cewa karuwancin siyasa idan ɗan siyasa yana tsalle daga jam'iyya zuwa jam'iyya don abin da zai samu. Ma'anar a fili take: sayar da abin da bai kamata a sayar ba. Mai sayar da ƙuri'arsa, da alƙalin da ya sayar da hukunci, da marubucin da aka biya ya yabi wanda ya san azzalumi ne, duk sun shiga wannan ma'ana. Sai dai mu lura, ko a nan ma sunan mace aka aro don a zagi namiji, kamar laifinsa ba zai yi muni ba sai an kwatanta shi da ita.

Akwai kuma inda suke haɗuwa a zahiri. Malamin da ya ce ɗaliba ba za ta ci jarrabawa ba sai ta ba shi kanta, ko shugaban da ya sa wannan sharaɗi kafin ya ba da aiki, me sunan abin da ya yi? Da yawanmu za mu rubuta cewa yarinyar ta sayar da mutuncinta don maki. Amma wa ke riƙe da maki? Wa ya sa farashi? Wannan neman cin hanci ne tsantsa, illa dai ba kuɗi aka nema ba. A watan Disambar 2018 kotu ta ɗaure wani farfesa na jami'ar Ile-Ife shekara 2 a kan irin wannan, kuma hukumar da ta gurfanar da shi ita ce ICPC, wadda aka kafa a shekarar 2000 don yaƙi da cin hanci. A 2019 kuma sashen binciken BBC na Afirka ya fitar da rahoton da ya tona irin wannan hali a jami'o'in Legas da Ghana. Doka ta riga ta gane sunan abin. Mu ne marubuta muka tsaya a baya.

Haka yarinya 'yar shekara 13 da aka ɗauko daga ƙauye da sunan aikatau aka jefa ta hannun maza, ko wadda aka yi wa alƙawarin aiki a ƙasar waje aka bi da ita ta Agadas zuwa Libiya aka karɓe takardunta. Kiran waɗannan karuwai ƙarya ce a harshe kafin ma ta zama zalunci. Sunayen abin su ne fyaɗe, da tilastawa, da safarar mutane. Suratun Nur ɗin nan dai ta hana tilasta wa mata wannan sana'a don neman abin duniya, kuma kan mai tilastawar ta ɗora laifin.

Abin da za a iya ce mana

Wani zai ce: to ku yanzu kare karuwanci kuke yi? A'a. Karuwanci haramun ne, kuma masifa ce ga mai yi da al'umma. Idan tauraruwar labarinmu wannan sana'ar take yi, mu kira abin da sunansa, kada mu yi masa kwalliya. Abin da muke cewa shi ne kada sunan ya wuce kan mai shi ya hau kan bazawara da mai tuwo-tuwo da 'yar fim, kuma kada ya tsaya kanta ita kaɗai a bar abokin cinikinta da kawalinta da wanda ya fara jefa ta. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wani kuma zai ce: ai sakaya al'adarmu ce, Bahaushe ba ya faɗin magana tsirara. Gaskiya ne, kuma muna alfahari da hakan. Kunya ado ce a rubutu, ba ma goyon bayan masu cika shafi da batsa don neman mabiya. Amma sakaya iri biyu ce. Akwai wadda ke kare kunyar mai karatu, kamar a ce "ya san ta 'ya mace" a wuce wurin. Akwai kuma wadda ke kare mai laifi, kamar a ce "an ɗan ga Oga". Ta farko tarbiyya ce. Ta biyu taya ɓera ɓari ce.

Na uku zai ce: ai haka mutane suke magana, in ɗan sanda a labarina ya ce "a kawo cin hanci" ba wanda zai yarda. Wannan ma gaskiya ne, kuma a nan ne gwanintar take. Taurarin labari su yi magana yadda mutane ke yi. Jami'in kan hanya ya ce "yaya dai, ba ko na ruwa?" Surukar da ke jin haushi ta kira matar ɗanta duk sunan da ta ga dama. Wannan bakinsu ne, kuma da shi ne mai karatu zai san ko su waye. Amma muryar mai ba da labari tamu ce. Ita ce alƙalin littafin. Idan ita ma ta ce "ɗan abin goro" ba tare da ta nuna mana wanda aka danne saboda goron ba, to ta karɓi nata kason. Sulaiman Ibrahim Katsina ya rubuta Turmin Danya tun farkon shekarun 1980 a kan fasa-ƙwauri da cin hanci, ke nan fagen ba sabo ba ne, akwai sawun da za mu duba.

Abin da za mu gwada a wannan mako

Kowa ya ɗauko rubutunsa na ƙarshe, ko gajeren labari ne ko babi ɗaya, ya ja layi a ƙarƙashin kowace kalma ta zargi da ke ciki. A kan kowace ya tambayi kansa abu uku. Wa ya faɗe ta, tauraro ko ni? Na nuna aikin da ya sa ta cancanta, ko suna kawai na liƙa? Akwai wani mai hannu a laifin da na bari ba suna? Sannan ya nemi duk inda ya rubuta "an" a wurin da ya san wanda ya yi, ya gwada sa mai aikin a gurbinsa ya ji yadda jimlar za ta canza.

Wanda kalma ta shige masa duhu kuma kada ya yi ƙasa a gwiwa wajen buɗe ƙamus. Akwai na Bargery na 1934, akwai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Bayan su akwai tsofaffinmu a gida, waɗanda za su bambance mana farka da dadiro, ko tukwici da toshiya, cikin minti ɗaya.

Ɗan uwan nan da muka fara da labarinsa ya koma ya gyara babinsa. Mai abincin ta zama bazawara mai neman halaliyarta, maƙwabta ne ke gulmarta, mai karatu kuma yana ganin gulma ce. Daraktan yana nan da rabon shinkafarsa da azumi, sai dai yanzu an nuna mana asibitin ƙauyen da aka biya kuɗin rufinsa, ruwan sama na zuba a kan gadon masu haihuwa. Bai ƙara wa'azi ko layi ɗaya ba, amma duk wanda ya ji karatun na biyu ya san wa ya kamata ya ji kunya.

Laifi tudu ne, kowa ya take nasa ya hango na wani. Mu da muka ɗauki alƙalami, aƙalla mu tabbata ba harshenmu ne ke taya wasu take nasu ba. Inda muka yi kuskure a ma'anar wata kalma, ko kuma a garinku ana amfani da ita ta wata fuskar daban, malamanmu da 'yan uwa na Sakkwato da Katsina da Zariya da Damagaram da sauran wurare, a gyara mana. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah ya tsare alƙalumanmu daga ƙazafi, ya tsare hannayenmu daga haram. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Wassalamu alaikum.